Yadda Ake Tara Kuɗin Gyaran Sakandaren Gwamnati Ba Tare da Zumunci Ya Lalace Ba

Yawanci da hoto ake farawa. Wani ya bi ta tsohuwar makarantarsa, ya tarar iskar farkon damina ta yaye kwanon ajujuwa, ya ɗauka da waya ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Kafin la'asar an yi ta salati, an zagi gwamnati, an tuna da malamin lissafi mai bulala. Sai wani mai zafin nama ya turo lambar asusunsa ya ce a fara turawa. Bayan wata uku ba a buga ƙusa ko ɗaya ba, mutum biyu sun fice daga zauren, mai asusun kuma ya daina ɗaga waya. Ba lallai ya ci kuɗin ba, wataƙila tambaya ce ta ishe shi.

Na riƙe sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu, kuma mun faɗa wannan ramin kafin mu gane hanya. Abin da na gani shi ne mutanenmu ba rowa gare su ba. Tsoron a cinye musu kuɗi ne ke sa su noƙe hannu. Duk matakan da ke tafe maganin wannan tsoron ne.

Ku fara zuwa ku gani da idonku

Kada a ambaci kuɗi sai mutum huɗu ko biyar sun taka ƙafa sun je makarantar a ranar karatu, ba Asabar ba. A haɗa da uba ko uwa da ɗansu ke ciki yanzu, a haɗa da mace ko da makarantar ta maza ce zalla. Ku fara da ofishin shugaban makaranta, ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Amma kada ziyarar ta ƙare a ofis. Ku zaga aji aji, ku ƙirga kujeru masu rai, ku leƙa ɗakin gwaje-gwaje, ku taɓa famfo ku ga ko yana kawo ruwa. Ku tsaya da mai gadi, domin shi ya san inda katanga ta faɗi da inda ake shigowa da dare.

Mu da muka je, da shirinmu a ka: sabuwar ƙofar shiga mai ɗauke da sunan ajinmu, da fenti. Muna shirin fita wata malama ta ce da ni, "Malam, don Allah zo ka ga wani abu kafin ku tafi." Ta kai ni bayan ajujuwan 'yan mata, ta nuna mini banɗaki mai ƙofa huɗu. Biyu sun rufta, ɗaya ba ƙyaure, na huɗun an ɗaure shi da waya. Ta ce, "Idan yarinya ta matsu sai ta nemi izini ta tafi gida. In ta tafi kuma ta tafi ke nan sai gobe. Wasu a wata sai su yi kwana huɗu ba su zo ba, ka dai gane." Na gane. Maganar fenti a nan ta mutu.

Makarantar tana da mai ita

Ko da ku kuka yi karatu a cikinta, ginin na gwamnati ne, ba a taɓa shi sai da izini. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, a ƙarƙashin ilimi kyauta kuma dole, don haka a jihohi da dama hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ce ke da ruwa da tsaki a ƙaramar sakandare. Babbar sakandare kuwa tana hannun ma'aikatar ilimi ta jiha ko hukumar da ke ƙarƙashinta, kamar hukumar kula da manyan makarantun sakandare ta Kano, wato KSSSMB. Ku tambayi shugaban makaranta inda takarda za ta bi, ku rubuta ta hannunsa, ta ratsa ofishin ilimi na shiyya. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Wata rana za a canja shugaban makaranta, sabon ya ce bai san da zancen ba, wannan kwafin ne zai fisshe ku.

A cikin takardar ku yi tambaya ɗaya kai tsaye: akwai aikin da gwamnati ta riga ta sa wa wannan makaranta a kasafi? Yana yiwuwa ajujuwan da kuke son rufewa suna cikin jerin ayyukan hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, ko shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafawa don karatun 'yan mata, ko aikin mazaɓar wani ɗan majalisa. In kun rufe da kuɗinku, kun sauƙaƙa wa wani ɗan kwangila ya zo ya shafa fenti ya karɓi cikakken kuɗi.

Sannan akwai waɗanda suka riga ku zama a makarantar: ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, da kwamitin SBMC da ke haɗa wakilan unguwa, malamai, iyaye da ɗalibai. Tsofaffin ɗalibai kan zo daga Abuja ko Legas da manyan motoci su yi kamar babu kowa a wurin. Kuskure ne babba, da ɗan gari akan ci gari. Ku zauna da su tun farko, ku kai gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci, ku sanar da limamin Juma'a. In garin na haɗaka ne, ku je wa shugabannin coci su ma.

Aiki ɗaya tak, mai farko da ƙarshe

Jerin matsaloli zai cika shafi biyu. Ku zaɓi ɗaya wanda za a gama cikin wata uku zuwa shida, wanda ido zai gani: rufin ajujuwa uku, banɗaki, rijiyar burtsatse, kujeru ɗari biyu. "Farfaɗo da martabar makaranta" ba aiki ba ne, take ne na kalanda. Ku guji abin da zai riƙa cin kuɗi kowane wata sai in kun tanadi mai biya. Ɗakin kwamfuta yana da daɗin faɗa, musamman da yake JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, amma in babu wuta, babu sola, babu malami, babu tagogi masu ƙarfe, cikin shekara guda ƙura da ɓarayi sun raba shi.

Da an zaɓi aiki sai a yi kiyasi. Cikin tsofaffin ɗalibai da wuya a rasa injiniya ko mai ƙididdigar gini. Ya auna wurin ya rubuta komai dalla-dalla: buhun siminti nawa, bulo mai inci tara nawa, tifar yashi nawa, damin kwano nawa, katako, ƙusa, silin, kuɗin birkila da kafinta da lebura. Ku aiki mutum biyu daban su jiyo farashi a kasuwa ba tare da sun san da juna ba. Ku ɗora kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari a kai saboda tashin kaya. Duk wanda ya yi gini bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira da ya biyo baya ya san farashin da aka jiyo yau ba ya jiran wata mai zuwa.

Kwamiti da asusu

Kwamitin kada ya wuce mutum bakwai ko tara. In ya kai ashirin, kowa ya dogara da wani. A samu shugaba wanda ake jin kunyarsa, ba lallai mai kuɗi ba. A samu sakatare mai rubuta duk abin da aka yanke, da ma'aji, da wakilin iyaye, da malami ɗaya. Mai binciken kuɗi kuma ya zama daga wajen kwamitin. Shugaban makaranta ya zauna a matsayin mai ba da shawara, amma kada ya sa hannu a asusu. Wannan kariya ce gare shi, don ma'aikacin gwamnati ne, ƙorafi ɗaya ya isa a aiko masa da takardar tuhuma.

Kuɗin jama'a ba ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da kuwa limami ne. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa. Banki zai nemi kundin tsarin ƙungiya, da takardar zaman da aka yanke shawarar buɗewa, da BVN da NIN na masu sa hannu. Manyan bankuna sukan nemi rajistar amintattu ta hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, da lambar haraji, da shaidar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Rajistar amintattu tana cin lokaci, saboda sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, don haka ku fara ta da wuri. In aikin na gaggawa ne kuma PTA ko uwar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana da asusu mai rai, ana iya amfani da shi, da sharaɗin a rubuta yarjejeniya kuma a fitar da bayanan asusun tun ranar farko, kowa ya ga abin da aka tarar a ciki.

A haɗa sanarwar shigar kuɗi da wayar mutum biyu, ɗaya daga cikinsu ba mai sa hannu ba. Ƙaramin abu ne, amma ya kashe mana gulma da yawa.

Wa za a fara tambaya

'Yan kwamiti su fara zubawa, a rubuta a nuna. Wanda bai sa nasa ba, bakinsa ba ya nauyi in ya je roƙo.

Daga nan sai tsofaffin ɗalibai, kuma aji aji ake bin su. Mutum ba ya jin kunyar "ƙungiya", yana jin kunyar wanda suka ci garau-garau a kwano ɗaya. A naɗa wakili a kowace shekarar kammalawa, a ba kowane aji kasonsa, a riƙa sanar da wanda ke gaba. 'Yan 1998 ba za su yarda 'yan 2005 su wuce su ba, wannan kishin kuwa kuɗi ne a hannu. Mutane kan kalli Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda ta faro a Katsina a 1921 ta yaye irin su Sardauna, Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da 'Yar'aduwa, ko Kwalejin Rumfa ta Kano, su ce ai su suna da manya. Gaskiya ne. Makarantar jeka-ka-dawo ta garinku ba ta da shugaban ƙasa, amma tana da malamai, 'yan sanda, ma'aikatan jinya, direbobi da 'yan kasuwa. Ku yi lissafi: mutum 400 in kowa ya ba da naira 5,000 a wata, cikin wata shida an haɗa miliyan 12. Tsarin adashe ne, kowa ya san shi. A tsayar da ranar zubi daidai da shigar albashi.

Iyaye kuwa sai an bi a hankali. Wanda ya kai ɗansa makarantar gwamnati sau da yawa ba shi da halin ta kuɗi ne. Jihohi da dama sun hana karɓar kuɗi daga ɗalibai, Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Saboda haka babu ɗora haraji a kan yaro, babu kora, babu kiran sunan wanda bai kawo ba a filin taron safe. A kira taron iyaye ranar da ba ta kasuwa ba, a karanta kiyasin da Hausa, a ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Za ku sha mamaki. Mai tifa zai ce yashi nasa ne. Birkila zai ce ya ba da kwana uku. Manomi zai ce a jira shi kaka ya kawo buhun masara. Iyaye mata su ce abincin ma'aikata a kansu. Gayya ce irin ta dā, sai dai a wannan karon a rubuta kowace gudummawa da kimarta ta kuɗi, a karanta sunan mai yashi a jeri ɗaya da mai miliyan.

Attajirai da manyan ma'aikata ba a tura musu saƙon gama-gari. A je gida, mutum biyu ko uku, da wanda suke jin nauyinsa, da kiyasi a hannu da hotuna. Kada a ce "a taimaka da abin da ya samu". A ce, "Alhaji, rufin aji ɗaya kaza ne, shi muke so ka ɗauke mana." In ya ce siminti zai bayar ba kuɗi ba, ku karɓa da hannu biyu, hakan ma ya fi kwanciyar hankali. Na ƙasashen waje, Saudiyya ko Ingila ko Amurka, a ba su wakili ɗaya a cikinsu, kuma kuɗinsu ya faɗa asusun ƙungiya kai tsaye.

Wani zai ce zai ba da zakkarsa. Ku dakata ku tambayi malami. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, kuma mafi yawan malamai ba sa ganin a zuba ta a gini. Gini da rijiya sadaka mai gudana ce, da ita za a kwaɗaitar. In kuma akwai ɗalibai matalauta da suka kasa biyan kuɗin WAEC ko NECO, to wannan wata ƙofa ce, a buɗe mata littafinta daban.

Bikin ƙaddamarwa

A nan aka fi yin asara. Mun kafa rumfuna, mun yi hayar kujeru da lasifika, mun buga kalanda, mun dafa shinkafa. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, ya aiko wakili, wakilin ya karɓi makirfo ya yi alkawarin adadin da ya sa fili ya kaure da tafi. Na yi wata biyar ina sintiri a ofishin mutumin nan. Kullum "Oga ya shiga mitin", kullum "ka dawo ranar Talata". Abin da ya fito a ƙarshe bai kai kuɗin man da na ƙona da na rumfunan da muka kafa don shi ba.

Ban ce kada a yi taro ba. Amma a yi shi bayan an riga an tara rabin kuɗin ta hanyoyin da na faɗa, ya zama na cikawa ne. A yi shi a harabar makarantar, kusa da wurin da ya lalace, gani ya kori ji. Kashe-kashen taron ya fito daga aljihun 'yan kwamiti, ba daga asusun aiki ba. A ajiye tebur da na'urar POS da littafin rasit, a rubuta lambar asusu da manyan baƙaƙe a allo. Mai gabatarwa ya bambanta a fili tsakanin "ya bayar" da "ya yi alkawari". Mai alkawari ya cike 'yar takarda da ranar biya da lambar waya. Kuma a cikin lissafinku kada ku ƙirga alkawari sai ya zama kuɗi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kwana biyu ko uku bayan ƙaramar Sallah, 'yan gari sun dawo gida, ko bayan kaka. Dab da babbar Sallah kowa rago ne a ransa.

Ɗan siyasa in ya bayar a karɓa a yi godiya kamar kowa. In ya ce sai an manna hotonsa ko an shafa wa ginin launin jam'iyyarsa, a ba shi haƙuri. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma rabin masu zuba muku kuɗi 'yan ɗaya jam'iyyar ne.

Aikin kansa

Kada a fasa rufi ko a tona rami sai kuɗin da ke hannu ya isa a kai wani mataki da za a iya tsayawa a kai ba tare da an cutar da yara ba. Ajin da aka cire wa tsohon kwano aka rasa na sabo ya fi na dā muni. A lura da lokaci kuma: dogon hutu a Arewa yana faɗawa ne a watan Agusta, tsakiyar damina. Aikin rufi ya fi dacewa da hutun Disamba ko na Afrilu, kafin iskar farkon ruwa.

Da kuɗi ya taru a sayi kayan da ba sa lalacewa, kwano da rodi da ƙusa, tun farashi bai motsa ba. Siminti kuwa ba a jibge shi da yawa, danshi yana daskarar da shi. A samu ɗaki mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin makaranta, ɗaya wurin kwamiti, da littafin shiga da fita.

Ƙaramin aiki ya fi arha in kun sayi kaya da kanku kun ɗauki magina. Babba, kamar burtsatse ko sabon gini, a nemi farashi daga kamfani uku, a rubuta yarjejeniya, a biya kashi-kashi gwargwadon inda aiki ya kai, a riƙe kashi biyar ko goma sai damina ta wuce an ga bai yoyo ba. Burtsatse ba a haƙa ta sai an yi gwajin ƙasa an san inda ruwa yake. Ɗan kwamiti ba ya karɓar kwangila, ƙaninsa ma haka. Za a ji haushi, za a ce ai ɗan gida zai fi sauƙi. Ranar da aiki ya ɓaci ba wanda zai iya buɗe baki ya yi masa magana.

Lissafi a fili

Kowace Juma'a sakatare ya fitar da abu uku a zaure: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, tare da hoton inda aiki ya tsaya. Kowane wata a saka bayanan banki yadda suke, ba a kwafe su da hannu ba. A manna kwafi a allon sanarwar makaranta saboda iyayen da ba sa WhatsApp, a karanta a taron PTA. Wanda ya ce a sakaya sunansa a rubuta "wani bawan Allah" da adadin da ranar, shi zai gane nasa. In an yi kuskure, kamar an sayi katako ɗanye ya lanƙwashe, ku faɗa da bakinku kafin wani ya gano. Mai yawan tambaya a zaure kada a cire shi, a ba shi rasit. In ya ci gaba, a sa shi cikin masu bincike.

Miƙawa

Da an gama, mai binciken kuɗi ya duba littafi ya sa hannu. A gayyaci jami'in ilimi na shiyya, da shugaban makaranta, da PTA da SBMC, da mai unguwa. A rubuta takardar miƙa aiki mai lissafa komai, a shigar da kayan cikin rajistar makaranta. Kujeru da tebura a rubuta musu sunan makaranta da lamba da fentin mai, domin kujerar makaranta tana da ƙafa, takan bi masu biki da masu zaɓe ta ƙi dawowa.

A ware wani abu daga ragowar kuɗin don gyara, a faɗi wanda zai riƙa dubawa kowane zango. Mu banɗakin da muka gina, mabuɗansa mun damƙa su ne a hannun malamar nan da ta ja ni bayan aji, ita da shugabar ɗalibai mata. Muka bar wa PTA sayen tsintsiya, buta da sabulu, muka rubuta cewa duk ƙarshen zango mutum biyu daga cikinmu za su je su buɗe kowace ƙofa su gani.